Amsar tambayar Alhaji kan suwimin-ful da sanyin da ke tafe

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka, kana tambaya yaya za ka yi da magangarar ruwan nan ta duwatsu da 'yan maɓulɓulan da ke gefen suwimin-ful ɗin gidanka, wato kwarmin ninkaya, tunda an ce sanyi zai sauko ƙarshen mako. Ina tuƙi ne, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, ranka ya daɗe, ruwan cikin kwarmin nan ba shi ne abin tsoro ba, yana da yawa, ba ya saurin daskarewa. Wanda ke kwance cikin ƙananan bututu da cikin injin famfo, shi ke ɓarna. In ruwa ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, wajen kashi 9 cikin 100, bututun roba kuwa ba ya miƙewa, sai ya tsage. Don haka ko dai ruwan ya yi ta gudu, ko kuma ka zubar da shi kaf.

Akwai na'urar da ke tayar da famfo da kanta in sanyi ya kusa digiri 32 a ma'aunin nan Amurka, wato sifili a namu na gida. Amma ka je ka duba da idonka, don sau da yawa magangarar tana da nata injin daban, kuma ba a haɗa shi da na'urar ba. Babban inji na aiki, hankalinka kwance, ƙaramin yana can yana fashewa.

Ni dai shawarata, babban ya yi ta aiki dare da rana, na magangara da maɓulɓulai kuwa ka kashe su ka tsiyaye. In ka bar su suna feshi, ruwan kan duwatsu da tayil ne zai daskare, ga santsi a daɓe, yaro ya fito ya sha ƙasa.

Sai maganar ɗauke wuta. Kai, Fabrairun 2021 ba zan manta ba. Nan Dalas sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin gida, mu da muke taƙama mun baro ɗauke wuta a gida, sai ga mu cikin duhu da bargo. Ban tsiyaye ruwan injina ba, ina jiran a kawo wuta. Da gari ya waye na tarar da murfin famfona ya tsage, ƙanƙara ta cika kwandon ciki kamar an zuba siminti.

In aka ɗauke wuta cikin sanyi kada ka jira. Fara kashe makunnin injin daga babban akwatin wuta, kar a dawo da ita ya tashi ba ruwa ya ƙone. Ka buɗe bawul ɗin iska na saman filta, sannan ka kwance 'yan toshiyar da ke ƙasan famfo da filta da hita mai ɗumama ruwa, ruwa ya zube. Jefa toshiyoyin cikin kwandon famfon, in ba haka ba wallahi sai ka neme su ka rasa.

Kuma don Allah kar a zuba maganin hana daskarewa na mota, guba ne. Akwai na suwimin-ful daban, shi ma cikin bututu ake sawa. In saman ruwan ya yi ƙanƙara, bar shi, kar ka bi shi da guduma ka fasa tayil.

Ka ɗauko min hoton wurin injinan yau kafin magariba, in zana maka inda toshiyoyin suke. Na iso inda za ni. A gaida Hajiya da yara.