Kyamarar shago a Jidda tana cinye data

Alhaji, ka ce kallon shagonka ta waya yana ƙarar maka da data, hoton kuma yana tsinkewa. Yawancin kyamarorin nan hoto biyu suke fitarwa: babba na ajiya a NVR, wato na'urar da ke naɗar hoton, da ƙarami na kallo daga nesa. A wayarka zaɓi ƙaramin. Ka kuma sauya tsarin matse hoton daga H.264 zuwa H.265 in na'urarka ta karɓa, yana rage nauyin kusan rabi.

Sauti ba shi da nauyi, tsarin sauti na G.711 kilobit 64 kacal yake ci a kowane sakan, amma tsarin AAC ya fi tsabta. Sai dai don Allah kada ka yaɗa hoton a WhatsApp ko da an yi maka sata. Dokar Saudiyya ta 2022 kan kyamarorin tsaro ta hana sai da izinin hukuma.