Tambaya da Amsa: Gyaɗar da nake sa wa tsuntsaye ta yi baƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Na rataye mazubi biyu a lambuna saboda tsuntsayen da ke zuwa, ɗaya na ragar waya ina cika shi da gyaɗa, ɗayan kuma ƙwaya ce, gero da irin sanfulawa. To tunda aka yi ruwan nan gyaɗar ƙasan ta yi baƙi-baƙi, kuma jiya na ga wani ɗan tsuntsu ya takure gashinsa a tashe, in ya tsinci ƙwaya sai ta faɗo daga bakinsa. Ni na jawo mai ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba da ladan ciyarwa. Gyaɗar nan dai yau ɗin nan ki juye ta a shara, kar ma ki ce bari ki shanya ta bushe. Fumfuna ce ta kama ta, kuma fumfunar gyaɗa tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin mai cin hanta, ita ce fa ta kashe talotalo wajen dubu 100 a Ingila a 1960, daga garin gyaɗar da aka haɗa masu a abinci, to ina ga tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. Matsalar ki cika mazubi da kike yi ne, na sama suke ci na ƙasa na nan yana shan raɓa. Ki riƙa sa wadda za su cinye cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma banda mai gishiri, sam.

Shi kuma ɗan tsuntsun, yadda kika kwatanta ya fi kama da ciwon tirikomonas, wanda aka fi sani da tantabaru da kurciyoyi. Maƙogwaro yake kumburawa har haɗiya ta gagara, sai ya tofo ƙwayar da miyau a jiki wani ya zo ya ɗauka, shi kenan ya kamu. A Birtaniya tun 2005 ciwon nan yake cin ƙananan tsuntsayen lambu, har wani koren da suke kira girinfinc ya shiga jerin masu fuskantar barazana a 2021. Don haka ki sauke mazuban duka biyu har da kwanon ruwan, kamar sati biyu zuwa uku, tsuntsayen su watse. Kar ki ji tausayi wai za su kwana da yunwa, da can ma ai ba ke kike ci da su ba.

In kin mayar, wanki duk sati da ruwan zafi da sabulu da buroshi nasa na daban, ya bushe ƙarau kafin ki zuba, ki share wadda ta zube ƙasa don ɓeraye, ki kuma riƙa canza wajen ratayewa. Ragar wayar nan kin yi dabara, ita ke hana su ɗaukar gyaɗa guda su kai sheƙa ta shaƙe 'ya'yansu lokacin ƙyanƙyasa. Ragar leda ce bana so, ƙafa take kama masu.