Giɓin naira 270,000 a littafin shago: kafin ka zargi yaronka

Wani ɗan kasuwa mai sayar da masara da takin zamani a Kasuwar Sabon Gari, Zariya, ya aiko da tambaya. Ya rufe lissafin wata, sai ya tarar abin da ke littafi ya ɗara abin da ya shiga banki da naira 270,000 cif, kuma zuciyarsa ta fara raya masa cewa yaron shagonsa ne. Ya sallame shi?

Alhaji, don Allah ka dakata. Ɗauki kalkuleta ka raba giɓin nan gida 9. Za ka samu 30,000, babu ragowa. Masu aikin akanta sun daɗe da sanin cewa giɓin da ke rabuwa gida 9 daidai yakan fito ne daga hannun mai rubutu, wato an juya lambobi biyu. Misali, wani dillali daga Giwa ya turo 1,582,000, aka rubuta 1,852,000. An sa 8 a gurbin 5, 5 a gurbin 8, bambancin kuwa 270,000 ne.

Ga dalilin. Goma, ɗari, dubu, miliyan, kowanne ka raba gida 9 ragowarsa 1 ce. Saboda haka duk girman adadi, ragowarsa ɗaya ce da ta jimlar lambobinsa. A nan 1, 5, 8 da 2 sun ba da 16, ko ta ina ka jera su. Adadin gaskiya da na kuskure ragowarsu iri ɗaya ce, in ka debe wannan daga wancan sai 9 ta raba abin da ya rage tas.

Ita ma 30,000 ɗin tana nuna maka inda za ka duba. Lambar 3 na cewa tazarar lambobin da aka juya uku ce, kamar 5 da 8 ko 4 da 7, kuma suna gurbin dubu goma da dubu ɗari. Ka ga ba sai ka bi kowane layi ba, manyan cinikayya kawai za ka gwada da saƙon banki ɗaya bayan ɗaya. Sifilin da ya ƙaru ma haka yake: 30,000 da aka rubuta 300,000 ita ma giɓin 270,000 take haifarwa, don haka ka duba wannan.

Wannan dabara ba hujja ba ce ta wanke kowa, domin a cikin kowane adadi tara a jere, ɗaya na rabuwa gida 9. Amma zargin sata abu ne mai nauyi a kan ɗan mutane, balle wanda iyayensa suka danƙa maka amanarsa. In ka bincika ba ka ga kuskuren rubutu ba, sai ka zauna da shi ku bi rasit tare, a gaban mutum na uku.

Daga yanzu, duk cinikin da ya haura dubu ɗari a rubuta shi da lambobi da kuma kalmomi, yadda ake yi a cekin banki, sannan a gwada littafi da banki kowace yamma kafin a rufe shago.