Fatawa: Jan Ƙahon Napoli a Wuyan Jariri

Tambaya: Malam, ina aiki a birnin Napoli na Italiya. Da muka haihu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ba jaririn wani ɗan jan ƙaho na murjani, wai maganin kambun baka. Ta kuma koya wa matata dunƙule hannu a cusa babban yatsa tsakanin manuni da na tsakiya idan an yabi yaron. Ta ce gadon Rumawa ne. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya raya shi, Ya shirya mana. Ɗan'uwa, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba game da dunƙule hannun. Rumawan dā sun ji tsoron mugun ido, wato kambun baka, ƙwarai. A rana ta tara da haihuwa sukan rataya wa ɗa namiji laya mai suna bulla, ta zinariya a gidan masu hali, ta fata a gidan talaka, ba ya rabuwa da ita sai ya balaga, sannan a miƙa ta ga gumakan gida. 'Yan mata kuwa siffar jinjirin wata ake sa musu. A Fombei, garin da aman dutsen Besubiyas ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, kusa da inda kake zaune, an tono ƙararrawoyi da layu masu siffar al'aurar namiji, waɗanda ake jingina su ga wani abin bautarsu. Shi kuma hannun, maigida ne ke dunƙule shi da tsakar dare a wani bukin watan Mayu, yana jefa baƙin wake bayansa don korar fatalwar matattu.

To ka ga tushen: neman tsari ne daga wanin Allah. Kambun baka gaskiya ne, haka ya tabbata a Buhari da Muslim, don haka ba tsoron muke musu ba, maganin muke ƙi. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Saɓanin da malamai suka yi a kan layar da ke ɗauke da Alƙur'ani ne, wadda Risala ta ce babu laifi, wasu kuma suka hana. Ƙaho bai shiga wannan saɓani ba ko kusa, don babu sunan Allah a jikinsa.

Saboda haka haramun ne a rataya wa yaro shi, haka ma yin alamar hannun da nufin kariya. Wanda ya ƙudurce su da kansu suke tsarewa ya faɗa babbar shirka. Wanda ya ɗauke su sababi kawai, ƙaramar shirka ce, ita ma ba abin wasa ba. Yatsa ya shige tsakanin yatsu ba da niyya ba, babu komai. Karanta tarihinsu ko kallonsu a gidan kayan tarihi ma ya halatta.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar. Ƙauna ce ta kawo ta, kada ku kunyata ta. Ku gode mata, ku gaya mata cikin ladabi muna da namu tsarin: addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, "U'izukuma bi kalimatillahit tammah", wadda ga yaro ɗaya za ka ce "U'izuka", da Falaƙi da Nasi safe da yamma. Wanda ya yabi yaron, ku tuna masa ya sa albarka, kamar yadda aka umarci Amiru ɗan Rabi'a a hadisin Muwaɗɗa lokacin da idonsa ya kayar da Sahlu ɗan Hunaifu.

Wallahu a'alamu.