Amsa kan kufan Mesa Verde

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mutanen da suka gina gidajen dutse na Mesa Verde, a jihar Kolorado ta Amurka, ɓacewa suka yi. A'a, ƙaura suka yi. Binciken kututturan itatuwa ya nuna cewa an yi mummunan fari daga 1276 zuwa 1299, kuma zuwa wajen 1300 wurin ya zama kufai, har da wani gini mai ɗakuna kusan 150 da ke cikin kogon dutse. Kudu suka nausa, jikokinsu kuwa, irin su ƙabilun Hopi da Zuni, suna nan a Arizona da New Mexico. Kalmar ɓacewa tana sosa mini rai, domin har yau jikokin suna ziyartar wurin a matsayin gidan kakanninsu.