Amsa ga malamar da ke da ɗaliba mai lalurar Down a aji ɗaya

Malama, kin ce yarinyar shekararta 7, ba ta bin karatu, kuma da kin ba ta umarni sai ta zauna a ƙasa ta ƙi motsi. Kafin a ce taurin kai ne, iyayenta su kai ta a gwada ji da ganinta. Yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita kuma take jawo jinkirin girma da koyo, ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne, musamman in suna mura, sai ki ga yau ta ji ki, gobe kamar da bango kike magana. Ki dawo da ita bencin gaba.

Babbar matsalar ita ce salon karatunmu, malami ya faɗa yara su maimaita. Ita abin da ya shiga ta kunne ba ya daɗewa, da ido take kamawa. In kika ce "ɗauko littafi, buɗe shafi na biyar, kwafi allo", umarni uku ke nan, ɗaya za ta riƙe. Ki faɗi ɗaya, ki nuna da hannu, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Maimaitawa da sauri rikita ta yake yi. Kuma abin da ta gane ya fi abin da bakinta ke iya faɗa, don haka ki bar ta ta amsa da nuni.

Wajen karatu kada ki fara da a, ba, ca. Yanka kwali, ki rubuta kalmomi huɗu da manyan baƙaƙe, kowace kati biyu: sunanta, Mama, ruwa, shayi. Da farko ta ɗora kati kan ɗan'uwansa. In ta iya, ki ce "ba ni ruwa" ta zaɓo. Sai a ƙarshe ta karanta da bakinta. Sautin haruffa yana biyo baya. Minti goma ya isa, ta huta.

Rubutu kuwa, tsokarta sanyi gare ta, yatsun gajeru. Ki naɗa wa fensirin kyauro ya yi kauri, a sa katako ƙarƙashin ƙafarta kada ta riƙa lilo. Kwafe daga allo yana gajiyar da ita, rubuta mata a takarda a gabanta. Lissafi da murafen kwalba, 1 zuwa 5, ba gaggawa.

A filin wasa banda alkafura sai likita ya duba wuyanta, don wasunsu gaɓar saman wuya a sake take.