Muryar da yaya ya turo guruf kan tambayar Wurno

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da murya, ina bisa hanya ne. Ƙanena na ji tambayarka, ka ce an tura ka koyarwa Wurno kana son sanin yadda wurin yake da abin da mutane ka yi su ci. To can aka yanke min cibiya, bari in gaya maka.

Daga Sakkwato gabas maso arewa za ka nuhwa, ka bi ta Achida, ita ma cikin ƙaramar hukumar take. Garin Wurno kansa bisa tudu yake jingine da dutsi, in ka tsaya bakin gangaren da hantsi ka dubi ƙasa sai ka ga hwadamar gulbin Rima shimfiɗe kore shar har iyakar ganinka, wallahi ko yanzu in na tsaya wurin sai na ji wani abu a raina. Ba banza Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, nan ba, nan ya rasu a 1837 kuma nan hubbarensa yake, mutane na zuwa ziyara.

Yawan jama'a, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 162 da 'yan kai, yanzu kam an wuce nan nesa. Hausawa da Fulani ne, kusan kowa manomi.

Amma abin da nike so ka riƙe shi ne, arzikin Wurno ba bisa tudu yake ba, ƙasa yake. Tudu jigawa ce da marmara, gero da dawa da wake, damina guda ka gama. Hwadama kuwa da rani ne ma aiki ka tashi, shinkafa, albasa, alkama, sai uwa uba tafarnuwa wadda ta yi muna suna, lokacin cirarta in ka shiga gari warinta ne zai fara tarbonka, ko'ina an baza ta tana shan iska, motoci na lodi zuwa kudu. Baffana da injin ban ruwa guda da 'yan fangalai ya aurar da ɗiyansa huɗu.

Sai dai ruwan nan da ke ciyar da mu shi ka cinye mu wani lokaci, tunda dam ɗin Goronyo na sama da mu, ambaliyar 2010 na ga shinkafa ta kusa yanka ruwa ya shafe ta, dattijai na kuka awa yara.

Don haka in ka ga aji ya rage yara lokacin dashen albasa kada ka ɗauka iyayen ba su son boko ne, ka je gona ka same su ku yi magana cikin mutunci. Kuma don Allah kada ka yi tahiyar dare, ka san halin rashin tsaro da gabashinmu ke ciki. In ka sa ranar tahiya ka kira ni in haɗa ka da mutanen gidanmu.